Na dawo daga aikin bishara da wuta a zuciya, yanzu ta huce: in sake tafiya?

Baba, ina gaishe ka cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Ni ɗalibi ne a shekara ta uku a jami'a. A dogon hutun da ya wuce, zumuntarmu ta ɗalibai ta aike mu, mu ashirin da biyu, zuwa wata jami'a mai nisa domin aikin bishara na mako biyu. Kullum da asuba muna addu'a da nazarin Littafi Mai Tsarki, da rana mu shiga ɗakunan kwanan ɗalibai biyu-biyu, da yamma mu taru mu ba da labarin abin da ya faru. Ban taɓa jin kusanci da Allah kamar a waɗannan kwanaki ba. Amma yau wata biyu da dawowata, komai ya huce. Addu'a ta yi mini nauyi, nakan yi kwana huɗu ban buɗe Littafi Mai Tsarki ba. Akwai kuma abubuwa biyu da suke ci mini rai. Da aka ba ni dama in ba da rahoto a gaban ikkilisiyar da ta tallafa mini da kuɗin tafiya, na ce mutum 15 sun karɓi Almasihu ta wurina, alhali shida ne suka yi addu'a tare da ni, sauran takardar bishara kawai suka karɓa. Har yau ban kira ko ɗaya daga cikinsu ba, ko da yake lambobinsu suna cikin littafina. Na biyu, wani ɗalibi ya tambaye ni dalilin da ya sa Allah ya bar mahaifiyarsa ta rasu bayan ya yi ta roƙo a kanta, na kasa ba shi amsa, tambayar kuma ta biyo ni har gida. Yanzu shugabannin zumunta sun ce ni zan jagoranci tafiya ta gaba. Shin abin da na ji a can ruɗi ne? In karɓi jagorancin, ko in janye gaba ɗaya?

Ɗana, alheri da salama su tabbata a gare ka. Na karanta wasiƙarka har sau uku, kuma kafin in shiga bayani ina so ka ji amsata a fili. Abin da ka ji a can ba ruɗi ba ne. Jagorancin da aka miƙa maka kada ka karɓe shi yanzu, amma kuma kada ka janye daga aikin. Sai dai waɗannan tambayoyi biyu da ka rufe wasiƙar da su ba su ne mafi gaggawa ba. Abin da ya fi gaggawa shi ne rahoton da ka bayar a gaban ikkilisiya, da kuma littafin nan mai sunaye da ka rufe wata biyu ba ka buɗe ba.

Bari mu fara da wutar da ka ce ta huce. Ka tuna yadda rayuwarka ta kasance a waɗannan makonni biyu. Babu jarrabawa a gabanka, babu aikin aji, an tsara maka lokacin addu'a ba kai ka nema ba, 'yan'uwa ashirin da ɗaya suna kewaye da kai suna tashe ka idan barci ya ɗauke ka, kuma kowace safiya ka san cewa nan da 'yan sa'o'i za ka ƙwanƙwasa ƙofar wanda ba ka sani ba, wanda zai iya yi maka dariya ko ya kore ka. Wannan tsoron ne ya durƙusar da kai. Mutumin da ya san yana bukatar taimako kafin rana ta take ba ya jin nauyin addu'a. Duk waɗannan abubuwa baiwa ce daga Allah, kuma ya sadu da kai ta wurinsu da gaske. Amma an haɗa maka itacen ne, an kuma tare maka iska. Da ka dawo sai aka bar ka da garwashinka kai kaɗai, kuma kowa ya san abin da yake faruwa da garwashin da aka ware daga murhu. Saboda haka hucewar da ka gani ba ta ƙaryata abin da ya faru ba. Ta dai nuna maka yawan abin da 'yan'uwa da tsarin tafiyar suke ɗaukar maka, wanda a lokacin kake tsammani ƙarfinka ne.

Akwai kuma gajiya, wadda masu hidima da yawa sukan ɗauka sanyin ruhu ne. Annabi Iliya ya ga wuta ta sauko a Dutsen Karmel, amma a sura ta gaba, wato 1 Sarakuna 19, sai ga shi a jeji a gindin wani itace yana roƙon mutuwa, kuma abin da Allah ya fara yi masa shi ne ya bar shi ya yi barci, ya ba shi abinci da ruwa har sau biyu, kafin ya yi masa wata magana. Haka nan da manzanni suka dawo daga aikensu a Markus 6:30-31 suna ba da labarin abin da suka yi da abin da suka koyar, Yesu ya ce su zo waje ɗaya su ɗan huta. Da a ce mako ɗaya ne da dawowarka, da wannan kaɗai zan faɗa maka.

Amma wata biyu ya wuce gajiya, kuma a nan zan faɗa maka abin da nake gani, ko da zai yi ɗaci. Ina kyautata zaton cewa sanyin addu'arka yana da alaƙa da ranar da ka tsaya a gaban ikkilisiya ka ce 15. Ka bincika zuciyarka, ka tuna lokacin da nauyin ya fara. Mai Zabura ya ce a Zabura 32 cewa sa'ad da ya yi shiru bai furta laifinsa ba, ƙasusuwansa sun lalace, ƙarfinsa ya bushe kamar a lokacin zafi. Yana da wuya mutum ya zauna shi kaɗai a gaban Allah wanda ya san lissafin gaskiya, alhali yana riƙe da wani lissafin dabam da mutane suka tafa masa a kai. Ba Allah ne ya rufe maka ƙofa ba, ɗana. Kai ne kake kauce wa ɗakin, domin ka san maganar da za a fara yi idan ka shiga.

Na san yadda irin wannan ƙarin yake faruwa, domin ni ma na taɓa yin sa. Ina saurayi, bayan wata tafiya irin taka, na tsaya a gaban waɗanda suka haɗa mana kuɗin mota daga ɗan abin da suke da shi, na ga fuskokinsu suna jiran labari mai daɗi, sai na haɗa waɗanda suka saurare ni da waɗanda suka tuba na ba da jimla ɗaya. Ban shirya yin ƙarya ba, amma ƙarya na yi, kuma na ɗauki watanni ina fama da ita kafin in je wurin dattijon da ya aike mu. Na faɗa maka wannan ne domin ka san wanda yake yi maka magana ya san nauyin abin, kuma ya san sauƙin da yake biyo bayan furta shi.

Ƙirga mutane ba laifi ba ne a kansa. Luka ya rubuta cewa wajen mutum dubu uku aka ƙara a ranar Fentikos. Amma shi wannan Luka ɗin, da ya zo ba da labarin wa'azin Bulus a Atina, birnin masana da masu muhawara wanda ya fi kowane wuri a Ayyukan Manzanni kama da jami'a, bai ƙara gishiri ba. Ya ce waɗansu sun yi ba'a da suka ji zancen tashin matattu, waɗansu sun ce za su sake saurara wani lokaci, waɗansu kaɗan kuma suka ba da gaskiya, ya ambaci sunan biyu daga cikinsu, Diyonisiyus da wata mace mai suna Damaris. Idan Ruhu Mai Tsarki bai ji kunyar rubuta ƙaramin sakamako a kan babban manzo ba, kai ma ba ka da dalilin jin kunyar shida. Ka kuma tuna da tarihin aikin ɗalibai kansa. A shekarar 1806 ɗalibai biyar na Kwalejin Williams a Amurka suka fake a gindin tarin ciyawa saboda hadari, suka yi addu'a a kan kai bishara ƙasashen waje, kuma daga wannan motsi ne aka kafa hukumar aika masu bishara a 1810. Ɗaya daga cikin waɗanda ta fara aikawa a 1812 shi ne Adoniram Judson, wanda ya isa ƙasar Bama (Myanmar ta yau) a 1813, bai kuma yi wa ko mutum ɗaya baftisma ba sai a 1819. Shekara shida yana aika rahoto gida babu adadin da zai faranta ran kowa. Da ya ƙara a lissafi domin ya riƙe masu tallafa masa, da yau ba mu da dalilin amincewa da sauran abin da ya rubuta.

Har ma shidan, ka lura da yadda za ka faɗe su. Abin da ka sani shi ne sun yi addu'a tare da kai. Ko sun karɓi Almasihu da gaske, wannan Allah ne ya sani, kuma lokaci ne zai nuna. Waɗansu ɗalibai sukan maimaita addu'a saboda ladabi, ko don baƙon da ya shigo ɗakinsu ya tafi da farin ciki, waɗansu kuma sukan yi ta da dukan zuciya. Ba aikinka ba ne ka yanke hukunci a kan kowannensu, amma aikinka ne ka faɗi iyakar abin da idonka ya gani. Lokacin da almajiran nan da Yesu ya aika biyu-biyu a Luka 10 suka dawo da murna saboda abin da ya faru ta hannunsu, bai ƙaryata su ba, amma ya juya murnarsu zuwa wani wuri, ya ce su yi farin ciki domin an rubuta sunayensu a sama. Ya san cewa wanda ya kafa farin cikinsa a kan sakamako zai shiga jarabar ƙara sakamakon a ranar da ya yi ƙaranci.

Ga abin da nake so ka yi a cikin wannan mako. Ka furta laifin a gaban Allah da sunansa, ba tare da yi masa ado ba, ka kuma dogara ga alkawarin 1 Yohanna 1:9 cewa shi mai aminci ne, zai gafarta. Daga nan ka je wurin faston ikkilisiyar ko dattijon da ya ba ka damar rahoton, ka gaya masa adadin gaskiya, ka roƙe shi ya ba ka minti biyu ka gyara maganar a inda ka yi ta. Tun da a gaban jama'a aka yi ta, a ganina a gaban jama'a ya dace a gyara ta, amma ka bar masa ya yanke yadda za a yi, domin ya fi ka sanin garkensa. Idan ka tsaya, kada ka tsawaita, kada kuma ka mai da tubanka wani sabon abin nuni. Ka ce ka faɗi 15, gaskiyar ita ce shida ne suka yi addu'a tare da kai, ka nemi gafararsu, ka roƙe su su yi wa shidan addu'a, ka zauna. Za ka ji kunya, ba zan ɓoye maka ba. Mai yiwuwa wani ya canza yadda yake kallonka na ɗan lokaci. Amma ramin ƙarya ƙurarre ne, kuma gara ka fito daga cikinsa da ƙafarka tun bai zama hanyar da za ka riƙa bi a duk rahoton da za ka bayar nan gaba ba.

Sai littafin sunaye. Wannan ya fi damuna fiye da rahoton, domin rahoton ya shafi sunanka ne, littafin kuwa ya shafi rayukan waɗansu. Tafiyar Bulus ta biyu ba da shirin buɗe sababbin wurare ta fara ba. A Ayyukan Manzanni 15:36 ya ce wa Barnaba su koma su ziyarci 'yan'uwa a kowane gari da suka yi shelar maganar Ubangiji, su ga yadda suke. Wannan tambaya ta yadda suke ita ce ba ka yi ba tukuna. Ana ba da labarin Dawson Trotman, wanda ya fara aikin Navigators, wata ƙungiyar horar da masu bi, a 1933, cewa wata rana ya rage wa wani saurayi hanya a mota, suna cikin hira sai ya gane cewa shi ne wanda ya taɓa jagoranta cikin addu'ar karɓar Almasihu kimanin shekara guda da ta wuce, amma babu alamar wani canji a rayuwarsa, domin babu wanda ya koma wurinsa. Abin ya girgiza shi har ya mai da bibiyar sababbin masu bi babban aikin rayuwarsa, kuma daga baya sanannen mai wa'azi Billy Graham ya nemi taimakonsa a kan wannan fanni a manyan tarurrukansa na bishara. Mai haihuwa ba ta ajiye jariri a bakin hanya ta tafi shelar cewa ta haihu.

Saboda haka ka buɗe littafin ka fara kira, ɗaya bayan ɗaya. Ka nemi afuwa a kan jinkirin da kalma ɗaya, sannan ka tambayi lafiyarsu da karatunsu, ka saurara fiye da yadda za ka yi magana. Wanda ya nuna yana so ya ci gaba, ka tambaye shi ko ya yarda ka haɗa shi da zumuntar ɗalibai ta jami'arsu ko da wata ikkilisiya ta kusa, domin kai daga nesa ba za ka iya renonsa kai kaɗai ba, kuma kada ka ba kowa lambarsa sai da izininsa. Wanda ya ce kada ka sake kiransa, ka gode masa, ka mutunta maganarsa, ka ci gaba da yi masa addu'a a ɓoye. Bitrus ya ce mu ba da dalilin begenmu da tawali'u da girmamawa, girmamawar kuwa ta haɗa da karɓar a'a daga bakin mutum. Taran nan da suka karɓi takarda kawai, su ma ka gaishe su idan sun ba ka lambarsu da son ransu. Kada ka yi mamaki idan wanda ka ɗauka bai saurara ba ya zama shi ne yake jiran kiran.

Yanzu ga ɗalibin da ya rasa mahaifiyarsa. Ka ce ka kasa ba shi amsa, kuma kana lissafa wannan a cikin kasawarka. Ni kuwa ina ganin shirun da ka yi yana cikin abubuwa mafi gaskiya da ka yi a dukan tafiyar. Tambayarsa ba irin ta muhawara ba ce, kuka ne da ya sa rigar tambaya. Da ka ɗauko wata shiryayyiyar amsa ka miƙa masa, da ka ƙara masa ciwo. Abokan Ayuba sun zauna tare da shi kwana bakwai ba su ce uffan ba, kuma a ƙarshen littafin, maganganun da suka yi bayan sun buɗe baki ne Allah ya tsauta musu a kai. A kabarin Li'azaru, Marta da Maryamu duka sun faɗa wa Yesu magana ɗaya, cewa da yana nan da ɗan'uwansu bai mutu ba, wadda ita ce ainihin maganar wannan ɗalibi. Yesu bai tsauta musu ba. Ya yi wa Marta zancen tashin matattu, da ya ga kukan Maryamu kuma shi ma ya yi hawaye, alhali ya san abin da zai yi nan da ɗan lokaci. Bangaskiyarmu ba ta ba mu dalilin kowace mutuwa ba. Abin da ta ba mu shi ne Allah wanda ya shiga mutuwa da kansa a kan gicciye, wanda a Getsamani ya roƙi a ɗauke masa ƙoƙon wahala ba a ɗauke ba, ya kuma tashi a rana ta uku. Wannan za ka iya faɗa wa ɗalibin idan lokaci ya yi, amma sai bayan ka tambaye shi sunan mahaifiyarsa, da irin halinta, da yadda yake kwana tun rasuwarta.

Tambayar ta biyo ka gida, ka ce. Bar ta ta zauna, kada ka kore ta, kada kuma ka ɓoye ta. Kai ta gaban Allah kamar yadda masu Zabura suka yi, ka karanta Zabura 13 da 42 da 88, za ka ga cewa bayin Allah sun yi masa tambayoyi masu zafi fiye da wannan, kuma an ajiye su a cikin Littafi Mai Tsarki domin irin wannan rana. Ka kuma zauna da wani dattijo mai bi wanda ya taɓa binne nasa, ka tambaye shi yadda ya riƙe bangaskiyarsa. Amsar da za ka samu a wurinsa ba ta cikin littattafan horon bishara.

Ka rubuto kana jin cewa tafiyar ta ɗaga ka sama sannan ta yar da kai. Ina so ka duba ta wata fuska. Kafin ka tafi, ba ka san cewa kana son yabon mutane har ya kai ka ga ƙara adadi ba. Ba ka san cewa addu'arka ta jingina da taron 'yan'uwa ba, ba ka kuma san cewa akwai tambayar da za ta iya girgiza ka ba. Duk waɗannan suna cikinka tun da, tafiyar ce ta fito da su fili, kuma wannan fitarwar ita kanta aikin alheri ce. John Wesley, wanda daga baya ya kafa ɗarikar Methodist, ya bar Ingila a 1735 zuwa Jojiya a Amurka a matsayin mai bishara, bayan shekarun da ya yi yana jagorantar ƙaramar ƙungiyar addu'a da nazari a Jami'ar Oxford. A cikin jirgin ruwa hadari ya taso, ya ga kansa cike da tsoron mutuwa alhali waɗansu masu bi 'yan ɗarikar Morabiya da suke cikin jirgin suna raira waƙa hankali kwance. Aikin nasa a can bai yi kyau ba, ya dawo a farkon 1738 yana tambayar kansa wa zai tubar da shi, shi da ya tafi tubar da waɗansu. Har ya yi tunanin daina wa'azi, amma wani ɗan Morabiya mai suna Peter Böhler ya ba shi shawarar kada ya daina. Ranar 24 ga Mayu na wannan shekara, a wani ƙaramin taro a titin Aldersgate a Landan, ya sami tabbacin cewa Almasihu ya ɗauke zunubansa, kuma hidimar da duniya ta san shi da ita ta fi shekara hamsin bayan wannan. Tafiyar da ya ɗauka asara ce ita ce ta nuna masa abin da ya rasa. Ban ce labarinka zai zama irin nasa ba, amma ina so ka ga cewa girma cikin ruhu sau da yawa da irin wannan tonon yake farawa, kuma ma'auninsa a Galatiyawa 5:22-23 ƙauna ce da haƙuri da aminci da kamun kai, waɗanda ba a gane su a mako biyu.

Game da jagoranci, dalilina na cewa ka dakata shi ne wannan. Jagoran tafiya shi ne zai karɓi rahoton kowace yamma, shi ne ƙananan ɗalibai za su kalla su koyi yadda ake ƙirga da yadda ake ba da shaida, kuma shugabannin da suka zaɓe ka mai yiwuwa adadin 15 yana cikin abin da suka duba. Bai dace ka hau kujerar da aka ba ka bisa labarin da ba daidai ba. Ka je ka gaya musu duk abin da ka gaya mini, ka ce a shirye kake ka tafi a matsayin ɗaya daga cikin 'yan tawaga ko mataimaki, sannan ka bar su su yi addu'a su yanke. Idan bayan sun ji komai suka ce har yanzu kai suke so, ka nemi a haɗa ka da wani babba da zai riƙa tambayarka gaskiyar lamarinka, ka kuma roƙi a shirya bibiya tun kafin a tashi, a san waɗanda za su karɓi sababbin masu bi a jami'ar da za a je. Janyewa gaba ɗaya kuwa ban yarda da ita ba. Yohanna Markus ya bar Bulus da Barnaba a tsakiyar tafiyarsu ta farko ya koma Urushalima, har Bulus ya ƙi sake ɗaukarsa, amma Barnaba ya riƙe shi, kuma a 2 Timoti 4:11 Bulus ɗin nan da bakinsa ya ce a kawo masa Markus domin yana da amfani a gare shi a hidima. Kana bukatar Barnaba, ka neme shi a cikin zumuntarku.

Kafin wata tafiya ta zo, akwai jami'ar da kake cikinta. Mutumin da Yesu ya warkar a ƙasar Garasinawa ya roƙa ya bi shi cikin jirgi, amma Yesu ya ce ya koma gida wurin mutanensa ya faɗa musu abin da Ubangiji ya yi masa. Ya fi sauƙi mutum ya yi wa baƙon da ba zai sake gani ba wa'azi, a kan ya yi wa abokin ɗakinsa wanda ya san lokacin tashinsa da fushinsa da yadda yake rubuta jarrabawa. Ka nemi ɗan'uwa ɗaya daga cikin waɗanda kuka tafi tare, domin ina da tabbacin ba kai kaɗai ne ka huce ba, ku sa lokaci sau biyu a mako ku yi addu'a da karatu tare. Kai kuma a kullum ka ɗauki Bisharar Markus, ka karanta ɗan sashe kaɗan, ka yi addu'a ko ta minti goma ce, ko ka ji daɗinta ko ba ka ji ba, kana ambaton sunayen da suke cikin littafinka. Kada ka sa wa kanka awa biyun da kuke yi a can, domin za ka kasa a rana ta uku ka ƙara karaya.

A cikin kiran da za ka yi, ka fara da ɗalibin da ya rasa mahaifiyarsa. Ka gaya masa cewa ba ka manta da tambayarsa ba, cewa har yanzu ba ka da cikakkiyar amsa, kuma ka kira ne domin ka ji yadda yake. Bayan ka yi magana da shi, ka kuma ga fastonku, ka sake rubuto mini in ji yadda ta kasance. Ina yi maka addu'a, kai da su goma sha biyar ɗin da shi.